Yadda "da sauƙi" ta kusa cinye mini haƙƙina

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka, kuma ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Da babban yatsan hagu nake buga ta a waya, yau kwana biyar ina yi ina hutawa, don hannun dama ya daina riƙe biro tun watan Maris na 2022. Ni direban tirela ne a Amurka, ko in ce da can direba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan kaya daga wannan jiha zuwa waccan, kafin nan kuma na yi shekara takwas ina tuƙa tasi. Na san akwai 'yan uwa da yawa a ƙasar nan da ke karanta jaridarka ta intanet, su nake so su ji abin da ya same ni wajen neman kuɗin da gwamnati ke biyan wanda ciwo ya hana shi aiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Da sassafe abin ya faru. Na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi, na ce wa hannun dama kama, ya ƙi. Na buɗe baki in kira uwargida, maganar ta fito a karkace. Hawan jinin da na daɗe ina wasa da maganinsa ne ya shanye mini ɓarin jiki. Kwana goma sha tara na yi a asibiti, na fito da sanda, ƙafar dama tana jan ƙasa. Magana ta dawo, alhamdu lillahi, hannu kuwa bai dawo ba sai kaɗan. Duk wanda ya san tuƙin babbar mota a nan ya san sai da takardar likita ake hawa titi da ita, to tawa ta tafi ke nan.

Wata takwas na yi ban nemi komai ba. Kullum ina ce wa kaina wata mai zuwa zan koma bakin aiki, kuma in zan faɗi gaskiya akwai girman kai a ƙarƙashin wannan. A ganina kuɗin naƙasa bara ce kawai da aka canja wa suna, ni kuwa da na riƙe gida da gumina ba zan je in miƙa hannu ba. 'Yata ta fari ce ta karya mini wannan taurin kai. Wata rana ta zaro tsohuwar takardar albashina daga cikin jaka, ta ɗora yatsa a kan wani layi, ta ce, "Baba, wannan da ake cire maka duk sati biyu, na mene ne?" Na ce haraji ne mana. Ta ce, "Kashi 6.2 cikin ɗari ne na albashinka, kamfani ma yana zuba kamarsa da sunanka. Inshora ce ka yi shekara da shekaru kana biya. In motarka ta yi hatsari, kunyar zuwa wurin masu inshora kake ji?" Ban ba ta amsa ba, amma washegari na ce ta ɗauko kwamfutarta.

Gaskiyarta ne. Dokar Social Security ta samo asali tun 1935, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, da farko don tsofaffin da suka ajiye aiki. A 1956, lokacin Shugaba Eisenhower, aka ƙara mata sashen waɗanda naƙasa ta hana su aiki, shi ne ake kira SSDI. Wanda ya zuba ne ke ɗiba, kuma da maki ake lissafin zubin. Ba a samun fiye da maki huɗu a shekara. A 2025 duk dala 1,810 da ka samu aka cire mata wannan haraji maki ɗaya ce, wato dala 7,240 ta cika maka na shekarar, kuma kowace shekara ana sabunta adadin. Wanda ya kai shekara 31 zuwa sama ana so ya zama yana da maki 20 a cikin shekara goma da suka gabaci ciwon, wato ya yi aikin shekara biyar cikin goman, ban da jimillar makin rayuwa da ake nema, wadda ke ƙaruwa da shekarun mutum har ta kai 40. Matasa ana rage musu.

A nan nake so direbobin tasi da masu aikin kuɗi hannu su buɗe kunne. Mai zaman kansa shi ke biyan kason nan biyu, kashi 12.4 ke nan a kan ribar da ya bayyana. Shi ya sa idan lokacin haraji ya zo mukan yi ta cigiyar mai cika takarda da ya iya matse riba har ta koma kamar ba a yi aiki ba, mu dawo muna murna mun yi wayo. Ni ma na yi. Ranar da 'yata ta buɗe mini shafina a intanet na hukumar Social Security, sai ga shekarun rayuwata a jere, kowace da abin da na ce na samu. Shekarun tirela cike suke. Na tasi kuwa abin kunya, akwai shekarar da sifili ne tsirara, alhali a shekarar nan ina fita tun duhu ban dawowa sai dare. Da a 2010 ciwon nan ya same ni, da ko sisi ba ni da shi. Har yau ma ina biyan farashin wayon, don da abin da mutum ya samu a tsawon rayuwar aikinsa ake lissafa abin da za a riƙa ba shi duk wata, waɗannan shekarun suna nan suna jan nawa ƙasa.

Makin kuma ba ya zama yana jiran ka har abada. Wani abokina da muka yi tasi tare, ciwon suga da ciwon baya suka sauke shi daga aiki tun 2015. Ya riƙa ɗan taɓa wannan ya taɓa wancan ana ba shi a hannu, asibiti kuwa ba ya zuwa sai ta ƙure. Da ya tashi nema a 2023, aka nuna masa cewa inshorarsa ta ƙare tun wajen shekara biyar bayan ya daina zubi, sai dai in zai kawo shaidar likita cewa tun kafin ranar da ta ƙare ya riga ya naƙasa. Ina zai samo shaidar, mutumin da bai je wurin likita ba?

Abin da ya rage masa shi ne ɗaya shirin, SSI, wanda aka kafa dokarsa a 1972 aka fara biya a 1974. Shi ba ruwansa da tarihin aiki, talauci yake dubawa. Dukiyar mutum ɗaya kada ta wuce dala 2,000, ta mata da miji kada ta wuce 3,000, ban da gidan da kake ciki da mota ɗaya. Tun 1989 ba a taɓa wannan iyaka ba, ka duba fa, Edita, abin da dala 2,000 take saya a wancan lokaci da abin da take saya yau. A ra'ayina wannan doka horar da mutum take yi a kan ya yi tanadi. Fili ko gidan da ka mallaka a wata ƙasa shi ma dukiya ne a lissafinsu. Mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke ba mutum ɗaya a 2025 dala 967 ne a wata, kuma wanda bai zama ɗan ƙasa ba sharuɗɗan shigarsa masu tsauri ne, katin zama kaɗai ba ya isa.

Bari in koma kaina. Abin da doka ke kira naƙasa ya sha bamban da abin da ni da kai muke kira naƙasa. Dole ciwon ya zama wanda likita ya tabbatar, ya hana ka aikin da za ka ci abinci da shi, kuma ya kai wata 12, ko ana sa ran zai kai, ko ya zama na ajali. Babu rabin naƙasa a wurinsu, babu ta ɗan lokaci. Ba kuma sai wata 12 sun cika za ka nema ba, da zarar likita ya ga abin mai daɗewa ne ka shigar da takarda. Daki-daki suke bi. Za su fara da duba ko kana aiki: a 2025 wanda ke samun sama da dala 1,620 a wata daga aiki, tun a bakin ƙofa aka rufe maganarsa komai tsananin ciwonsa, makafi ne kawai aka ɗaga wa zuwa 2,700. Daga nan su auna tsananin ciwon, su kwatanta shi da wani kundi na cututtuka da suka tanada. Wanda ake yi wa wankin ƙoda a kai a kai, misali, ya dace da kundin, magana ta ƙare. Ni ban dace ba, don hannuna da ƙafata ba su kai mutuwar da kundin ke nema ba. Da yawanmu a nan muke faɗawa, sai a koma tambayar ko za ka iya aikinka na da, in ba za ka iya ba, ko akwai wani aiki a faɗin ƙasar da za ka iya da shekarunka da karatunka da sana'ar da ka sani. Ba ruwansu da ko akwai aikin a unguwarku, ko akwai gurbi, ko wani zai yarda ya ɗauke ka.

A watan Nuwamba na 2022 muka shigar da takarda. Kyauta ne, ba a biyan ko kwabo, ana yi ta intanet ko ta waya ko a ofis. Bayan 'yan makonni suka aiko da wani fom mai tambayar yadda nake wuni. Kana wanka da kanka? Kana sa kaya da kanka? Kana fita sayayya? Tafiyar nawa kake yi kafin ka huta? 'Yata tana karantawa, ni ina amsawa kamar mai neman aiki. Wanka? E. Ban ce a kan kujerar roba nake yi ba, yana cin minti arba'in, kuma uwargida tana tsaye a bakin ƙofa don kada in zame. Sa kaya? E. Ban ce ita ke ɓalla mini maɓalli ba. Sayayya? E. Ban ce keken zuba kaya nake jingina da shi ba, in muka kai rabi sai in koma mota in zauna in bar ta ta ƙarasa. 'Yata ta ajiye biro ta dube ni, ta ce, "Baba, haka ne?" Na ce, "Ke dai rubuta abin da na ce." Wane uba ne zai zauna gaban 'yar cikinsa yana lissafa mata abin da ya gaza?

Sun kuma tura ni wurin wani likita da su suka biya, don ya duba ni. Can ma sai da na nuna jarumta. Ya ce in taka daga nan zuwa bango, na jingine sanda, na cije haƙora, na taka tsaf kamar ba ni ba. Kwana biyu na yi a kwance bayan nan, amma wannan ba wanda ya rubuta shi.

A watan Afrilu na 2023 wasiƙarsu ta iso, sun ƙi. Sun yarda ba zan iya komawa tirela ba, amma sun ce takarduna sun nuna jikina yana samun sauƙi kuma zan iya wani aiki marar nauyi. Na fusata, na ce waɗannan mutane ba su da imani. 'Yata ba ta ce komai ba, ta je asibiti ta nemi kwafin fayil ɗina, wanda haƙƙin kowane majiyyaci ne ya nema a ba shi. Ta dawo da tulin takardu ta baje a kan teburi, ta riƙa bi shafi-shafi da jan biro. Da ta gama ta juyo mini da su. Sau goma sha ɗaya na ga likitana tun fitowata daga asibiti, kuma a duk goma sha ɗayan layin farko iri ɗaya ne: majiyyaci ya ce yana samun sauƙi.

Edita, ni na faɗa. Likita zai shigo ya ce yaya jiki, ni kuma abin da bakina ya saba tun ina yaro shi ke fitowa, sai dai in juya masa shi da Turanci. Da sauƙi. Kai ka san ma'anar wannan kalma a bakinmu. Addu'a ce da ladabi da godiyar Allah a dunƙule, wanda ke gargarar mutuwa ma in ka gaishe shi abin da zai ce maka ke nan, kuma ba wanda zai ɗauka ya warke. Amma likita ba gaisuwa yake yi ba, tambayar aiki yake yi, abin da ya ji shi zai buga a kwamfuta. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Sannan wanda zai yanke hukunci a matakin farko bai taɓa ganina ba. Wani ma'aikaci ne a ofishin jiha tare da likitan da aikinsa karanta fayil, ba su ga yadda nake jan ƙafa ba, ba su ga kofin shayi yana suɓuce mini ba. Takarda suka gani, takarda kuwa ta ce sau goma sha ɗaya ina samun sauƙi, ga fom da bakina na ce ina wanka ina sayayya, ga likitansu ya ga na taka ba sanda. Ko ni aka ba wannan fayil, abin da zan yanke ke nan.

Abu ɗaya na yi daidai, shi ma 'yata ce ta tsaya a kai: ban bari kwana 60 sun wuce ba. Wannan shi ne wa'adin ɗaukaka ƙara daga ranar da wasiƙa ta same ka. Na san waɗanda suka yayyaga wasiƙar don fushi, na san waɗanda suka bari wa'adin ya wuce sannan suka sake sabon nema daga tushe, suka yi asarar ranar farko da ake lissafin bashin baya da ita, wato kuɗin watannin da suka wuce kana jira. Fiye da rabin masu nema ana ƙin su a karon farko, don haka ƙin farko ba abin mamaki ba ne. Matakan huɗu ne: a sake duba fayil, sai gaban alƙali, sai majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar, sai kotun tarayya. A sake dubawar ma ban samu ba, a watan Oktoba na 2023, don kusan takardun nan ne dai aka sake karantawa.

Sai a lokacin na nemi lauya, da ma tsoron kuɗi ne ya hana ni. Ashe ba a biyan su sai an ci nasara, kuma doka ce ta ƙayyade ladan: kashi 25 cikin ɗari na bashin baya, amma kada ya wuce wani adadi, wanda a lokacin dala 7,200 ne, daga ƙarshen Nuwamba na 2024 ya koma 9,200. Hukumar da kanta ke cirewa ta ba shi. Saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi tun farko zai cika maka fom, ko ya ce ya san wani a ciki, ka riƙe aljihunka.

Lauyar mace ce, mai ƙarancin magana. Ta karanta fayil, ta tambaye ni minti nawa nake iya tsayuwa. Na ce ba laifi dai. Ta ce ba laifi ba lamba ba ce. Ta ce in sayi littafin rubutu in riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana, da agogo a gabana. Na fara, da hannun hagu, rubutu kamar tafiyar kaza. Ga abin da ke shafin farko, yana nan a gabana yanzu: tsayuwa minti goma sha biyu ƙafa ta fara rawa, kofi ya faɗi sau biyu, na kasa buɗe murfin kwalbar magani, barcin rana awa biyu saboda ƙwayar safe, na manta an ce in kashe murhu. Bayan wata ɗaya na karanta littafin daga farko, ni da kaina sai da na tsorata, don ban san na kai haka ba. Mutum yakan ɓoye wa mutane abu har shi ma ya daina ganinsa.

Da littafin na koma wurin likita. Ya ce yaya jiki, na ce alhamdu lillahi a zuciyata, da baki kuma na buɗe littafi na fara karanta masa. Ba ƙaramin nauyi na ji ba, kamar ina kai ƙarar Ubangijina wurin bawa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Har abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba na faɗa, cewa akwai daren da nakan zauna a falo hawaye na zuba ban san dalili ba, da yadda mantuwa ta addabe ni. Ya juyo daga kwamfutar ya dube ni, ya ce me ya hana ni faɗa masa tuntuni. Ya canja mini magani, ya mayar da ni wurin masu gashin hannu, ya haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, sannan ya rubuta takarda dalla-dalla: nauyin da zan iya ɗagawa, tsawon tsayuwa, tsawon zama, abin da yatsun dama za su iya da wanda ba za su iya ba. Ka ga ashe "da sauƙi" ba kuɗi kaɗai ta hana ni ba, har magani ta hana ni shekara guda da rabi. Lauyar ta kuma gargaɗe ni kada in sake tsallake ranar ganin likita, don a idon mai karanta fayil wanda ya daina zuwa asibiti ya warke ne.

A watan Agusta na 2024 na shiga gaban alƙali. Ƙaramin ɗaki ne, ba taron jama'a, daga shi sai mai ɗaukar bayani sai ni da lauyata, ga kuma mutum biyu a waya: tafinta da wani masanin harkar ayyuka. Tafintan kyauta ne, hukumar ke samar da shi in ka nema. Ina jin Turancin da zan yi aiki da shi, amma ciwo da Hausa nake jin sa. Shawarata kuma kada kowa ya sa ɗansa ko 'yarsa su yi masa tafinta a irin wannan wuri, akwai tambayar da ta shafi banɗaki da makwanci wadda ba za ka iya amsawa tsakani da Allah ba in ɗanka ne zai maimaita. Wani abin da ya kamata 'yan uwa su sani: da can rashin jin Turanci yana cikin abin da ake dubawa a sauƙaƙa wa mutum, amma tun watan Afrilu na 2020 an cire wannan, kada wani ya dogara da shi. Shekaru dai har yanzu suna da tasiri. Daga 50 doka tana sassautawa wajen cewa mutum ya koyi sabuwar sana'a, daga 55 ta ƙara sassautawa. Sannan tun watan Yuni na 2024 ayyukan da ka yi cikin shekara biyar na baya kawai ake dubawa, maimakon goma sha biyar da ake yi a da.

Alƙalin ya fara da tambayar yadda nake ji a ranar. Wallahi, Edita, kalmar nan ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce ƙafata tana zogi tun da na zauna a kujerar nan, kuma nan da minti ashirin zan roƙi izinin miƙewa. Ya ce in miƙe duk lokacin da na so. Ya tambaye ni wa ya ɗaure mini takalmi yau. Na ce ba na sa mai igiya tun 2022. Daga baya ya juya ga masanin ayyukan, ya siffanta masa wani mutum mai shekaruna da karatuna, wanda ba ya iya tsayuwa fiye da awa biyu a wunin aiki, hannunsa na dama kuma ba ya aiki sai jefi-jefi, ya ce akwai aikin da wannan mutum zai yi? Aka yi shiru, ina jin ƙarar takardu ta cikin waya. Masanin ya ce babu. Baƙon abu ne ka ji an ce ba ka da amfani a kasuwar aiki, kuma ya zama labarin da kake addu'ar ji ke nan. Na fito ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Takardar hukunci ta zo a watan Oktoba, wata 23 cif bayan na shigar da nema. An amince na naƙasa tun ranar da na faɗi. Sai dai doka ta ce cikakkun wata biyar na farko ba a biya, don haka lissafina ya fara daga Satumba na 2022, aka haɗa mini bashin baya gaba ɗaya, aka cire na lauya. Ɗan autana da bai kai 18 ba shi ma aka yanka masa wani abu a kan sunana, abin da ban san ana yi ba. Inshorar lafiya ta Medicare kuma sai bayan wata 24 da fara cancantar kuɗin take zuwa, ni tawa ta riga ta nuna saboda daɗewar shari'ar. Wannan jira biyu ban ga hikimarsu ba har gobe. Mutumin da gwamnati da kanta ta yarda ciwo ya kayar da shi, lokacin da ya fi buƙatar likita shi ne za a ce ya jira shekara biyu? Masu cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsa jiki, an ɗauke musu jiran duka biyu, wanda ya nuna ana iya ɗaukewa in an so. Mu abin da ya riƙe mu a wannan tsakani aikin dare ne da uwargida ta kama, da motata da na sayar, da bashin da har yanzu ban gama biya ba. Kuɗin da nake karɓa yanzu bai kai rabin albashina na da ba, yana dai biyan haya da wuta.

Samun kuɗin ba shi ne rabuwa da hukumar ba. Lokaci-lokaci za su sake duba ko jiki ya warware. Wanda ya ji ƙarfi yana son gwada aiki an ba shi wata tara na gwaji ba tare da an taɓa kuɗinsa ba, amma dole ya sanar, don duk abin da aka biya ka fiye da haƙƙinka za a nemi ka mayar da shi. Masu niyyar tafiya su ma su lura. Mai karɓar SSI in ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka an tsayar da nasa. Mai SSDI in ɗan ƙasa ne ana ci gaba da biyansa a yawancin ƙasashen duniya, in kuwa ba ɗan ƙasa ba ne, ƙa'ida ita ce a tsayar bayan cikakkun wata shida a waje, sai wanda wata togaciya ta shafa. Ni da aka haifa bayan 1960, in Allah ya kai ni 67, kuɗin zai juye da kansa ya koma na fansho.

Abokin nan nawa na tasi har yanzu maganarsa tana gaban hukuma. Na saya masa littafin rubutu irin nawa, kuma ranar Alhamis mai zuwa 'yata za ta kai mu wurin likitansa, ni zan zauna a gefe. Jiya na kira shi in tuna masa, na ji muryarsa a shaƙe, ashe kwana uku ke nan bai iya sauka daga bene ba. Na ce yaya jikin? Ya ce da sauƙi.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon direban tirela,
daga Amurka.